Yadda Ake Zaɓen Sifika Daidai da Girman Ɗaki

Sifikar da ta yi daɗi a shago ba lallai ta yi daɗi a falonka ba. Shago a buɗe yake, ƙofarsa na kallon titi, cikinsa cike da kwalaye da mutane, bes yana fita ya tafi abinsa. Falon gida kuwa akwati ne na bulo da siminti, ƙasa tayil, sama silin. Duk abin da ya fito daga sifika sai ya bugi bango ya dawo, ya gauraya da wanda ya zo kunne kai tsaye. Daga wajen Hz 200 zuwa ƙasa (Hz ma'aunin kaɗawar sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), wato inda ganga da gitar bes da kaurin muryar namiji suke zaune, ɗaki ne mai faɗa a ji. Shi ya sa tef ɗin awo ake fara ɗauka kafin a ɗauki kuɗi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da za ka auna

Auna tsawon ɗakin da faɗinsa da tsayinsa daga tayil zuwa silin. Sannan ka auna na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci amma shi aka fi mantawa: nisan da ke tsakanin inda sifika za ta tsaya da inda kanka yake idan ka zauna. In falon a haɗe yake da wurin cin abinci ko matakalar bene ba tare da ƙofa ba, haɗa da wannan filin a lissafi, domin bes bai san inda falo ya ƙare ba.

Ɗakin da magina suka saba yi, ƙafa 12 da 12, murabba'in mita 13 ne da 'yan kai. Irin wannan, da duk wanda bai wuce murabba'in mita 15 ba, ƙaramar sifika mai faifai (wato zagayen da ke motsi ya fitar da sauti) inci 4 zuwa 5.25 ta ishe shi, irin wadda ake ɗorawa a kan ƙafa. Falo mai ƙafa 14 da 18, wato kusan murabba'in mita 23, wurin inci 6.5 ne, ko doguwar siririya mai faifai biyu na inci 5.25. Daga murabba'in mita 25 zuwa 40 ne doguwar sifika ta ƙasa, mai faifai biyu na inci 6.5 ko ɗaya na inci 8, take samun wurin shaƙatawa. Abin da ya wuce nan, kamar falon ƙafa 20 da 24, sai manya masu inci 8 biyu ko inci 10, kuma galibi sai an ƙara musu sabwufa, wato akwatin da bes kaɗai yake fitarwa, wadda a kasuwa ake kira wufa kawai.

Wannan mafari ne, ba doka ba. Wanda yake zama mita 2 daga sifika a cikin ƙaton falo ba ya bukatar abin da mai zama mita 5 yake bukata.

Me ya sa babbar sifika take lalacewa a ƙaramin ɗaki

In ka hura bakin kwalba, murya ɗaya take bayarwa, gwargwadon girmanta. Haka ɗaki yake. Tsakanin kowane bango biyu masu kallon juna akwai wani sautin da yake dacewa da tazarar cif, ya riƙa kai-komo yana ƙara wa kansa ƙarfi. Gano shi ba wuya. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka sai ka raba 172 da tsawon bangon a mita, ko 565 da tsawonsa a ƙafa. Abin da ya fito shi ne muryar wannan ɓangaren a Hz, wato sau nawa iska take kaɗawa a daƙiƙa. A zafin bazara sauti ya ɗan fi sauri, yakan kai mita 352, amma bambancin bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, kar ya dame ka.

Gwada da ɗakin 12 da 12 mai tsayin ƙafa 10. Tsawo ya ba da Hz 47. Faɗi ma Hz 47. Tsayi Hz 56. Ka ga matsalar: biyu sun hau kan juna, na uku yana maƙwabtaka da su, sannan ninkinsu ma yana nan a Hz 94. Tsirkiyar da ta fi kauri a gitar bes mai tsirkiya huɗu Hz 41 take bayarwa, don haka tana ɗan hawa sama kaɗan ta faɗa cikin wannan ramin. Sifikar da ke da ƙarfi sosai a Hz 45 zuwa 50, kamar doguwa mai inci 8 biyu, za ta zuba wa wannan muryar mai. Abin da za ka ji shi ne wani gurnani guda ɗaya da yake kumbura ya rufe komai, ko wace waƙa aka sa. Bugun ganga ba ya yankewa, yana jan jela. Muryar mai karatu ko mai labarai ta yi kauri kamar daga cikin randa. Bambancin wannan sautin da na kusa da shi yakan wuce dB 10 (dB shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), wanda a kunne kusan ninki biyu ne. Ka tashi ka matsa tsakiyar ɗakin kuma sai bes ɗin ya ɓace ɗungum, domin a nan ne kai-komon yake soke kansa.

Ƙaramar sifika mai inci 5, wadda ƙarfinta ya fara sauka daga Hz 60, tana amfana da wannan halin. Inda ta gaza, ɗaki ya cika mata. Shi ya sa a ƙaramin ɗaki ƙarama takan fi babba tsaftar bes.

Falon 14 da 18 mai tsayin ƙafa 10 kuwa yana ba da Hz 31 da 40 da 56. A warwatse suke, babu wanda ya hau kan wani, don haka ya fi karɓar sifika mai nauyi.

Akwai abin lura a nan ga mai karanta sharhin sifiku daga Amurka. Yawancin gidajen can bangonsu allo ne na jifsam a kan katako, yana ɗan lanƙwasawa ya sha wani ɓangare na bes, wani kuma ya ratsa ya fita. Bangon bulo mai filasta ba ya sassautawa, kusan komai yake dawowa da shi. In mai sharhi ya ce sifika ta dace da ɗaki mai girman naka, a ginin bulo ka sa ran bes ɗinta zai fi abin da ya ji yawa. In kana kokwanto tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramar.

Matsala ta biyu ta nisa ce. Doguwar sifika mai faifai uku ko huɗu a jere tana bukatar mita 2.5 zuwa 3 kafin sautinsu ya haɗe ya zama ɗaya. A mita ɗaya da rabi kunne yana rarrabewa, siririn sauti daga sama, kauri daga ƙasa. Sifikun biki masu inci 15 da bakin ƙaho sun fi kowa wannan laifi a cikin gida: an yi su ne don jefa sauti nesa a fili, a falo sai tsinin murya ya riƙa sukar kunne, ga kuma shuuu ɗin amfilifaya da ake ji ko ba a sa komai ba.

Ƙarama a babban falo

Wannan ta fi sauƙin ganewa. Bes tura iska ne, kuma yawan iskar da ake turawa ya dogara da faɗin faifai da nisan da yake iya motsawa gaba da baya. Faifan inci 5.25 faɗinsa wajen murabba'in santimita 90 ne, na inci 6.5 wajen 135, na inci 8 wajen 215, na inci 12 ya haura 500. Ka ga inci 6.5 guda biyu sun ɗara inci 8 guda ɗaya, don haka kar ka raina doguwar siririya. Duk lokacin da sauti ya sauka da rabi, misali daga Hz 80 zuwa 40, sai faifan ya yi motsi ninki huɗu kafin ya riƙe ƙarfi iri ɗaya. Ƙaramin faifai nan da nan yake kai maƙura.

Alamominsa: ka ƙara murya amma sautin bai ƙaru ba, sai dai ya ƙara kaushi. Kafar iskar da ke jikin akwatin ta fara huci. In an matsa, ka ji ƙwas-ƙwas lokacin bugun ganga, wato nadin wayar da ke bayan faifan yana dukan ƙarfe. Da ka ji haka rage nan take, saura kaɗan ya ƙone ko ya karkace.

Lissafin wat

A bayan sifika ko a takardarta za ka ga lamba kamar 86 dB/W/m ko 86 dB/2.83V/m. Ma'anarta ƙarfin sautin da take bayarwa a nisan mita ɗaya idan aka ba ta wat ɗaya, ko bolt 2.83, wanda daidai yake da wat ɗaya a sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta). Ƙanana yawanci 84 zuwa 88 suke, dogaye 87 zuwa 91. Wannan lambar ta fi adadin wat da aka rubuta a kwali amfani nesa ba kusa ba.

Ƙa'idoji kaɗan ne. Ninka nisa yana rage dB 6: a mita 2 an rasa 6, a mita 3 an rasa 9.5, a mita 4.5 an rasa 13. Sifika ta biyu tana ƙara 3. Bangon ɗaki yana dawo maka da wajen 3. Ninka wat yana ƙara 3 kacal. Sauraro mai gamsarwa yana tsakanin dB 75 da 85, amma bugun ganga da tashin kakaki suna yin tsalle dB 15 zuwa 20 sama da haka na ɗan ƙiftawar ido, don haka a yi lissafi da 100 a matsayin ƙololuwa.

Ɗauki sifika mai 86, kana zaune mita 3. Cire 9.5, ƙara 6, ka samu wajen 82 da wat ɗaya. Saura 18 ka kai 100, wato a ninka wat sau shida: 2, 4, 8, 16, 32, 64. Amfilifaya mai wat 60 zuwa 70 kowane gefe ta yi. Matsar da kujera zuwa mita 4.5, sai ka koma 79, kana neman 21, wato wat 128, kuma ƙaramar sifika ba za ta iya shanye wannan ba tare da gajiya ba. Sa doguwa mai 90 a wurin, wat 50 ya wadatar. A ɗakin 12 da 12 kuwa, inda nisan bai wuce mita 2 ba, sifika mai 85 wat 32 kawai take nema.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar kada su wuce dB 80 na awa 40 a mako. Manhajar auna ƙara ta waya ba ta da cikakken daidaito, amma ta isa ta nuna maka ko kana 75 ko kana 90.

Lambar PMPO da ake mannawa a kwali da manyan haruffa, dubu uku, dubu biyar, ba ta da ma'auni tsayayye, kar ka sa ta a lissafi. Nemi RMS, wato wat ɗin da na'urar take iya riƙewa a kai a kai, na kowane gefe, a om 8 ko 4. In ba a rubuta ba, juya na'urar ka duba wutar da take ja daga soket. Abin da yake jan wat 60 ba zai riƙa fitar da dubu ba. Kuma ka sani ƙaramar amfilifaya da aka murɗe ta ƙure tana ƙona tuwita, wato ƙaramin faifan da ke fitar da siririn sauti, kamar yadda babba take yi, domin in ta kai iyakarta sai ta yanke kan sautin, wannan karcewar kuma tuwita take tafiya. In sifikar om 4 ce, tabbatar an rubuta om 4 a bayan amfilifayar, in ba haka ba za ta riƙa zafi tana ɗaukewa. Mai amfani da inbata da batir ya fi samun sauƙi da amfilifaya ajin D, wadda ba ta ɓarnar wuta a zafi.

Waya: jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 1.5 murabba'i ya isa har mita 5, abin da ya wuce nan sa 2.5. Akwai wadda cikinta alminiyom ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama; kankare tsirkiya ɗaya da wuƙa, in ka ga fari to ita ce, sai ka ƙara kauri ko ka bar ta. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a gefen biyu. In aka juya gefe ɗaya, faifai ɗaya na turawa ɗayan na ja, bes ya mutu, murya ta rasa mazauni a tsakiya. Da yawa an zargi ƙaramar sifika da rashin nauyi alhali wannan ne kawai.

Inda za a ajiye ta

Mazauni yana iya mai da sifikar da ta dace ta zama kamar ta yi wa ɗaki yawa. Kusa da bango ɗaya bes yana ƙaruwa, a kusurwa inda bango biyu da ƙasa suka haɗu ya fi ƙaruwa, kuma a nan ne duk muryoyin ɗaki suke taruwa. Babbar sifika a kusurwar ƙaramin ɗaki ita ce mafi munin haɗi.

Duba inda kafar iska take. In a baya take, bar aƙalla santimita 25 zuwa 30 tsakaninta da bango. In a gaba take, ko akwatin a rufe yake ruf ba kafa, za ta jure matsowa. Wanda ba shi da fili sai dai ya jingina da bango, rufaffiya ko mai kafa a gaba ya kamata ya nema tun a shago.

Akwai wani rami da bangon bayan sifika yake haƙawa. Sautin da ya koma baya ya dawo yana soke na gaba a wani wuri, kuma ana gano shi da raba 86 da nisan fuskar sifika daga bangon a mita. A mita ɗaya ramin yana Hz 86, tsakiyar bugun ganga, sai kiɗa ya rasa ƙirji. A santimita 40 ya koma Hz 215, inda labule mai kauri ko katifar soso a bayan sifikar za ta iya rage shi. Saboda haka a ƙaramin ɗaki a bar fuskar sifika ƙasa da santimita 60 daga bango. Fito da ita sosai sai mai babban falo.

Kujera kar ta zauna a tsakiyar ɗaki, kar kuma ta manne da bangon baya, duk da cewa haka aka saba jera kujeru. A tsakiya bes babu, a jikin bango ya yi yawa. Fara gwadawa daga kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin: a falon ƙafa 18, wajen ƙafa 7 daga bangon baya, a na 12, ƙafa huɗu da rabi. In tsarin falon bai ba da dama ba, ko santimita 40 ka janyo kujerar za ka ji bambanci. Tazarar sifikun biyu ta yi daidai da nisan kowacce zuwa kanka, ko ta ɗan gaza, a karkato su kaɗan su kalli kafaɗunka. Nisansu da bangon gefe kar ya zo ɗaya da nisansu da bangon da ke bayansu.

Tuwita ta zo saitin kunne. A kan kujerar kushin wajen santimita 90 zuwa 100 ne daga ƙasa, shi ya sa ƙafafun sifika da yawa suke santimita 60. Amma gidan da a kan kafet ake zama, kunne yana wajen santimita 70, sai a gajarta ƙafar zuwa 35 ko 40. Doguwar sifika a irin wannan gida sama da kan mutane take harbawa. Cusa ƙarama cikin ramin dibaida ko ɗora ta kan durowa mai gilashi yana sa katakon ya riƙa amsawa tare da ita. In ba makawa, janyo ta har fuskarta ta zo bakin katakon, ka sa roba ko soso mai tauri a ƙarƙashinta.

In wufa za a ƙara

Ƙananan sifiku biyu da wufa ɗaya sun fi dogaye biyu sauƙin sarrafawa a ɗaki mai wuyar hali, domin bes yana da makunninsa daban, kuma kana iya kai shi inda ɗaki ya yarda. Ɗakin 12 da 12, inci 8 ko 10 rufaffiya. Falon murabba'in mita 23, inci 10 ko 12. Babban falo, matsakaita biyu a bango masu kallon juna sun fi ƙatuwa ɗaya daidaita bes a duk kujeru. Sa mahaɗar, wato makunnin da ke nuna inda wufa take karɓar bes daga ƙananan sifikun, a Hz 80. In faifan ƙananan inci 4 ne, ɗaga zuwa 100.

Wurin ajiye ta haka ake nemansa: ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, sa waƙar da gitar bes take hawa da sauka, sannan ka durƙusa ka bi jikin bango da rarrafe. Inda ka ji kowane sauti ya fito da ƙarfi ɗaya, ba wanda ya kumbura, nan ne mazauninta. Daga nan rage muryarta har sai ka daina jin daga inda take fitowa.

In ka riga ka saya

Sauke manhajar da ke fitar da sauti zalla, ka sa ta taka a hankali daga Hz 150 zuwa 30 da murya ƙasa-ƙasa, kana zaune a wurinka. Rubuta inda ya kumbura da inda ya ɓace, ka kwatanta da lissafin 565. A wannan gwajin ne za ka kama masu kakkarwa: silin roba, gilashin taga mai sako-sako, ƙofar ƙarfe, kwanukan cikin durowa, hoton bango. Kowanne ɗan soso ko ƙusa yake so. Mai son ganin abin a zane yana iya sauke REW, manhajar kwamfuta ce ta kyauta, ya haɗa ta da makirufo na awo irin UMIK-1.

In bes ya yi yawa, fara da toshe kafar iska da soso ko safa a nannaɗe, sai akwatin ya koma kamar rufaffe. Fito da sifikar daga kusurwa. Matsar da kujera. Sai bayan waɗannan ka taɓa makunnin bes ko ikwalaiza, mai ƙara ko rage kowane sashen sauti daban, kuma ragewa kawai za ka yi a inda ya kumbura. Inda ya ɓace kar ka ƙara, sokewa ce, duk wat ɗin da ka zuba zafi zai zama a cikin faifai.

Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗakin. In ka ji wani zirrr yana bin tafin, tayil da bango ne suke jifan juna da siririn sauti. Kafet mai kauri tsakanin sifika da kujera, labule mai ninki a taga, da kantar littattafai a bangon baya suna maganinsa. Amma labule da kafet ba sa taɓa Hz 47, wanda tsawon zangonsa ya haura mita 7. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ma haka, sai dai ya tara ƙura da haɗarin gobara. Abin da ke ɗan shan bes shi ne abu mai kauri da zurfi, kamar manyan kujerun kushin, ko buɗe ƙofar da ke shiga wani ɗakin.

Kashe fankar silin lokacin gwaji, domin fikafikanta suna sa dogon sauti ya riƙa rawa. Mai sayen ta gwanjo kuma ya danna zoben da ya kewaye faifan da yatsa a hankali: na soso yana ruɓewa da shekaru da zafi, in ya yi danƙo ko ya marmashe sai an sake shi kafin a yi maganar bes. Amfilifayar da aka kawo daga Amurka a duba bayanta kafin a jona, da yawansu na bolt 120 ne.